Takardar Gargaɗi Zuwa ga Garejin Gidanmu

Malam Gareji,

Bayan gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyar ɓeraye da sauran 'yan hayarka, dalilin rubuto maka wannan takarda shi ne in tuna maka aikin da aka gina ka dominsa. Mota aka ce ka riƙe. Yau ga motar can a waje take kwana, rana ta dake ta, ƙurar hunturu ta rufe ta, yaran unguwa suna koyon rubutu da yatsa a gilashinta. Kai kuwa ka cika tumbinka da tarkace, har ƙofarka ba ta rufuwa sai an sa kafaɗa.

Na leƙa cikinka da tocila. Ga ɗan janareton nan Tiger, igiyarsa a tsinke, tankinsa ya zama gidan zanzaro. Ga firiji ya koma ma'ajiyar takalman da ba su da 'yan'uwa. Ga risho, wanda aka yi wa ritaya tun da kananzir ya fi ƙarfin talaka. Ga kwalin kaset-kaset na bidiyo tun zamanin Sangaya, alhali babu abin kunna su a gidan nan. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tayoyin Fijo 504 ta Baba, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. An daɗe da sayar da motar, amma ka rungume tayoyin, da damina kwanonka ya yi yoyo su tara ruwa, sauro ya hayayyafa ya biyo mu har ɗaka.

Na sani ba kai kaɗai ke da laifi ba, domin kowane tarkace da lauyansa. In na taɓa kwallayen Hajiya, sai ta ce na auren jikoki ne, ko da yake amaren yanzu ko kallonsu ba sa yi. Babur ɗin ƙanena ba inji ba sitiyari, wai zai tashe shi in kuɗi sun shigo. Kowa bakinsa ɗaya: ajiya maganin wata rana. To, wata ranar ta zo. Famfo ya fashe, muka nemi sifana, muka yi ta tono har la'asar, ƙarshe sai kasuwa aka aika aka sayo sabuwa. Kana ji kana gani ka yi gum.

Saboda haka ka shirya. Ranar Asabar ta ƙarshen wata, lokacin tsaftar muhalli da ba a fita daga bakwai zuwa goma na safe, ba wanda zai tsere mini da sunan uzuri. Komai za a fitar tsakar gida. Na yi magana da 'yan jari bola, za su zo da baro da sikeli. Ƙarfe a kilo, wayar tagulla kuma kuɗinta daban, kada ka ɓoye mini ita. Abin da ke da sauran numfashi a ba mabuƙata. Littattafan da gara ta cinye rabinsu, in ba masu ayoyi a ciki ba, sai wuta. Kafinta zai kafa katakai a bango, kada wani kwali ya sake zama a ƙasa.

Alfarma ɗaya na yi maka: ragon layya zai iya sauka wurinka kwana biyu kafin Sallah. Batun kwallayen Hajiya kuwa, na tura kawu ya je ya roƙe ta, har yanzu bai fito ba.

Ka huta lafiya.

Naka,
Mai mota