Makunni Biyu, Waya Uku, da Ni

Makunnin falonmu mai baki biyu ne: ɗaya na ƙwan falo, ɗaya na ƙwan tsakar gida. Da ya fara ƙauri yana tartsatsi, sai na kira yaron da ke gyaran wuta a layinmu. Ya duba, ya faɗi kuɗin aikinsa. Na ce, "Don kwance ƙusa biyu?" Ya ce, "Baba, ƙusar ba ta da tsada." Na sallame shi da fatan alheri, na nufi kasuwar Sabon Gari na sayo sabon makunni, da sukudireba, da salatif baƙi. Testa kuwa na ce almubazzaranci ce.

Dabarata mai sauƙi ce. A ƙasar nan wa zai wahalar da kansa da cire fis? Ka zauna ka jira a ɗauke wuta. Bayan La'asar fanka ta tsaya cak, na naɗe hannun riga. Uwargida ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, ba ka kashe daga mita ba?" Na ce ai an kashe mana tun daga tushe.

Na kwance murfi, na zare wayoyin gaba ɗaya ba tare da na yi wa ko ɗaya alama ba. Uku ne: ja ɗaya, baƙaƙe biyu. Ga kuma wata 'yar guntuwar ja da ba ta kai tsawon yatsa ba, an lanƙwasa ta a bayan tsohon makunnin. Na ce wannan ragowar aikin ganganci ce, na jefar.

Ina riƙe da bakin jar wayar, ina murza ta da yatsa don ta shiga rami, sai na ji yaran unguwa sun ɗauki ihu: "An kawo wuta!" Ni ba a kunne na fara samun labarin ba. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa guda, kuma kowace kaiwa da komowa sai da ta gaisa da gwiwar hannuna. Ban san na haddace addu'o'i da yawa haka ba. Na tsinci kaina zaune a kan tabarma, sukudireba a ƙarƙashin kujera, uwargida tsaye a kaina da ludayi. Ta ce, "Sannu, Injiniya."

Washegari na cire fis tukuna, na haɗa. Ƙwan falo ya kama. Na tsakar gida ko ƙyaftawa. A nan ne na tuna da 'yar guntuwar nan, na bi ta har cikin kwandon shara, na soka ta inda na ga rami ya yi daidai da ita. Duka biyu suka kama! Na zagaya gida ina neman wanda zai yaba.

Da dare asiri ya tonu. Ƙwan tsakar gida ba ya kamawa sai na falo yana kunne. A falon kuma surukata ke kwana, ta zo ganin jikoki. Duk wanda zai kewaya cikin dare sai ya haske tsohuwa tukuna. Ita kuma da ta ga haske sai ta miƙe ta fara neman buta, a zatonta asuba ta yi. Da ta yi alwala ta uku kafin kiran sallar farko, da safe ta ce wa 'yarta a gaban kowa, "Wai mijinki ba shi da lambar mai gyara ne?"

Yaron ya dawo, bai ce uffan ba. Ya fara dangwala testarsa a soket mai wuta, ya ga ta kama, sannan ya kashe babban makunnin gidan, ya cire fis ya jefa a aljihunsa, ya sake gwada wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Na ce fis ɗin fa, sace shi za a yi? Ya ce mutane da yawa ɗan gidansu ne ya mayar musu da wuta suna tsakiyar aiki. Ya tambaya ko muna da janareta ko inbata, domin su ma suna iya turo wuta ta baya.

Sai ya juya makunnin ya nuna mini. Kowane baki yana da rami mai alamar COM da wani mai L1. Jar waya mai wuta tana shiga COM na farko, guntuwar da na raina ita ke ɗaukar wutar daga nan zuwa COM na biyu. Ni kuwa daga L1 na ɗauko ta, shi ya sa na biyu ya zama ɗan amshin shatan na farko. Baƙaƙen nan biyu, ya ce, kada launi ya ruɗe ni: wuta suke kaiwa ƙwan fitila, don haka ya naɗa wa kowace jan salatif. A tsohon tsari ja ce mai wuta, baƙa mai dawowa, kore ta ƙasa. A sabon da Ingila ta koma a 2004, ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya mai dawowa, kore da rawaya ta ƙasa, kuma gidajenmu cike suke da gaurayen biyun. Makunni dole ya yanke mai wuta; in ya yanke mai dawowa, ƙwan zai mutu amma mazauninsa na nan da wuta yana jiran mai canja ƙwai. Wayar fitila kuma mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ce, a ɗaure ta tamau, kada tagulla ta leƙo waje, don sako-sakon ɗauri ne ya ƙona tsohon.

Kuɗin da ya faɗa da farko ya karɓa, ya ƙara na warware aikina. Surukata ce ta ce a ba shi har da na shan ruwa, daga aljihuna.