Masu Tsere a Bazarar Yamai

A watan Afrilu ma'aunin zafi a Yamai yakan kai 41 kusan kullum, wata rana ya doshi 45. Lokacin ne jaki ke neman inuwa, mai ga-ruwa ke ƙara kuɗin jarka. Amma duk da haka, da zarar an yi shelar gudun yada-ƙanin-wani a kan titi, sai ka ga jama'a sun yi cincirindo a bakin filin wasa na Seyni Kountché, kowa da lamba maƙale a ƙirji. Kowa da abin da ya kawo shi, kuma kafin a tsallaka gadar Kennedy rana ta gama tona asirin kowa.

Wanda ido ke fara sauka a kansa shi ne mai kaya. Takalminsa jiya aka ciro shi daga kwali, agogonsa yana ƙirga bugun zuciya, ga tabarau, ga gorar ruwa biyu a ƙugu. Abu guda ya manta: bai taɓa yin atisaye ba. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, shi kuwa ranar ya sayo ta. A tsakiyar gada zai tsaya ya ɗauki hoto da kogin Isa a bayansa, daga nan kuma sai a Facebook za ka sake jin labarinsa, inda yake gode wa Allah da ya nuna masa ƙarshen tsere lafiya.

Kusa da shi akwai mai tashin farko. Ana busa usur ya fice, har 'yan sandan da ke share hanya sai sun ƙara wuta. Kilomita biyu ka tarar da shi zaune a gindin dogon yaro, yana riƙe da cinya, yana rantsuwa cewa tsohon ciwon ƙwallo ne ya tashi.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Alhaji mai rage tumbi. Likita ya ce masa ya riƙa motsa jiki, wani abokinsa a biro kuma ya ƙara masa da cewa kitse da gumi yake fita. Saboda haka ya naɗe ciki da leda, ya ɗora rigar sanyi, ya ja zif har wuya. Alhaji, ranka ya daɗe, abin da ke zuba daga jikinka ruwa ne da gishiri, tumbin yana nan inda ka bar shi. Jiki ba ya sanyaya sai gumi ya bushe a kan fata, kai kuwa ka toshe masa hanya. Idan zafin cikin jiki ya wuce 40, kai ya fara juyawa, mutum ya fara magana ba kan gado, ba maganar rage ƙiba ake yi ba, motar asibiti ake nema. Direbansa dai ya fi shi hankali: yana biye da shi sannu a hankali, gilashi a rufe, na'urar sanyi a kunne.

Akwai kuma ɗan ƙasa na gaske, wanda shan ruwa a hanya abin kunya ne a wurinsa. Yara suna miƙa masa ruwan leda yana ture hannunsu. "Mu a cikin ranar nan aka haife mu," in ji shi. Shi ne aka fi saurin kwasa. A gefensa anasara ne, ya shafe fuska da man kare rana, yana kurɓa a kowane teburi, ya yi ja kamar tattasai, amma yana nan yana jan ƙafa har ƙarshe.

Sai gwanin lissafi. A wajen unguwar Harobanda yake ɓacewa, ya bayyana dab da wurin ƙarewa, riga a jiƙe da ruwan da ya saya ya sheƙa wa kansa, mai kabu-kabu yana bayan kwana yana jiran cikon kuɗinsa. Kada a ɗauka sabon salo ne. A gasar Olamfik ta 1904 a birnin St. Louis na Amurka, an yi tseren cikin zafi da ƙura, mutum 32 suka tashi, 14 suka kai. Wanda ya fara shiga fili, Fred Lorz, ashe mota ta ɗauke shi fiye da kilomita 15. Da asiri ya tonu sai ya ce wasa yake yi. Namu ba ya ma cewa wasa ne, takardar shaida yake tambaya.

Ba zan tsallake 'yan fada ba, ko da yake ba su da lamba. Suna kan benci a inuwa, shayi na biyu yana kan gawayi, kuma babu wanda ya kai su sanin gudu. "Ɗaga ƙafa, malam!" "Kai, wancan tsohon a kai shi gida!" In ka ce ɗayansu ya taso ya gwada, sai ya nuna maka butar da yake tsaro.

Wanda zai ci kuwa ba wanda ya lura da shi da safe. Siriri ne, sau da yawa soja ko ɗan makaranta, takalminsa ya sha ɗinki, ba ya magana. Tun watanni yake fita bayan sallar asuba yana bin bakin kogi. Yana karɓar kyauta ya wuce.

Na bar babban baƙo a ƙarshe domin shi ma a ƙarshe yake zuwa. An rubuta ƙarfe 6, amma ba a tashi sai ya iso ya yi jawabi. Ya iso ƙarfe 9, ya zauna a rumfa, ya yi magana mai tsawo kan amfanin wasanni ga lafiya, masu tsere suna tsaye a kan kwalta suna dahuwa. Duk sauran da na lissafa kansu kawai suke cuta, shi kuwa kowa yake cuta. A Doha a 2019, saboda gudun zafi, tsakar dare aka fara tseren mata na gasar duniya, duk da haka 28 cikin 68 suka kasa kaiwa. Wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da Yamai ta karɓa a 2005 a watan Disamba aka yi su, kokowar takobi ma lokacin sanyi ake yin ta.

Masu shirya tsere, don Allah ku kai shi Disamba ko Janairu. In kuwa dole sai a bazara, a busa usur da an sallame asuba, babban baƙo ya zo ya tarar an gama, ya raba kyauta.