Zuwa ga Baba Lynx, daga Kontagora

 

Ba raini ya sa na ɗauki alƙalami ba. A nan garin Sarkin Sudan, mu da kuɗin data ke ci wa tuwo a ƙwarya mun san darajarka a matsayin manhajar shiga intanet: ba hoto, ba bidiyo, ba talla mai tsalle-tsalle, rubutu zalla. Kukana ɗaya ne, mantuwa. Mutum ya shiga shafi, ka tambaye shi ko a karɓi kukis, ƙananan bayanan da shafi ke tuna mutum da su, ya danna A, wato kullum. Gari na wayewa ka tare shi kamar sabon maigadi, ka ce ya faɗi sunansa da lambar sirri.

Asalinka ne ya fi ɗaure mini kai. A Jami'ar Kansas ta Amurka aka haife ka a 1992, kuma cikin mutum uku da suka kawo ka duniya akwai Lou Montulli. Shi ɗin ne ya koma Netscape ya ƙirƙiro kukis a 1994. Ashe kukis ƙannenka ne, uba ɗaya! To Baba, ko 'yan ubanci ne?

Kafin ka yarda ka riƙe su, sai an buɗe fayil ɗin saitinka, lynx.cfg, an lalubo PERSISTENT_COOKIES, an goge alamar # da ke gabansa, an mai da shi TRUE. Sannan a nuna maka gidansu da COOKIE_FILE. Na yi, ban yi musu ba. Sai ga sabon sharaɗi: fayil ɗin dole ya zo a tsohon tsarin Netscape, kowane layi gida bakwai, tab a tsakani. Na Firefox kuwa, da ke cikin cookies.sqlite, ko kallo ba su ishe ka ba.

Wani abin kuma, ba ka rubuta su sai an danna q an yi maka sallama ta mutunci. Baba, a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sanarwa, wa ke da tabbacin sallama?

Ba na neman ka koyi nuna hoto da furfurarka. Idan dai ka ƙi karanta fayil, ka buɗe baki ka faɗi dalili, mu san inda za mu gyara.

A gaida Malam Thomas Dickey mai kula da kai.

Naka,
Wani mai gyaran kwamfuta, Kontagora