Wa Ya Rasu a Goronyo?

Yayana ne ya jawo mana. Shekara shida ke nan yana aiki a Abuja, kuma duk wanda ya daɗe a garin nan akwai cutar da yake kwasowa: sai ya riƙa ganin zaman gida ranar hutu kamar asara. Abokan aikinsa sun taɓa jan sa zuwa Gurara, can jihar Neja, inda ruwa ke faɗowa daga kan duwatsu yana tururi kamar an buɗe tukunyar biki, ya dawo da hotuna sun fi ɗari a waya. Da ya zo gida Marnona ƙarshen damina, bayan sallar isha'i ana zaune a tsakar gida, sai ya gyara murya ya ce ranar Lahadi zai kwashi iyali a je kallon ruwa.

Inna ta ce, "Ruwan mi?"

"Ruwa dai, Inna. Mu tai mu gani, mu sha iska, mu komo."

"Ga randa can cike, tai ka gani."

Gaskiyar Inna ce ta wani ɓangaren. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma. Masu magangarar ruwa suna can kudu da mu: Gurara, da Matsirga ta kusa da Kafanchan, da Farin Ruwa a Nasarawa, da Assop a kan hanyar Jos. Mu a nan, ruwan da ke faɗowa daga sama zuwa ƙasa da ƙara, in ba na hadari ba, to na indararo ne. Yaya ya san da haka, shi ya sa ya ce madatsar ruwan Goronyo za mu. In aka yi sa'a an ɗaga ƙofofi, ruwan na fitowa da rugugi da kumfa, wanda bai taɓa zuwa Gurara ba ba zai ce an cuce shi ba.

Kafin hantsin washegari labari ya gama unguwa, kuma duk wanda ya ji tambayarsa ɗaya ce: "Wa yar rasu Goronyo?" In ka ce ba kowa, sai ya ce to haihuwa aka yi? In ka ce a'a, sai ya rage murya ya ce ko wani ne ba lafiya ake ɓoyewa?

Ban ga laifinsu ba. Bahaushe matafiyi ne na asali. Kakanninmu sun taka da ƙafa har Gwanja neman goro, sun yi shekaru a hanyar Makka ta Sudan, wasu ma can suka zauna. Mun san fatauci, mun san cin rani, mun san tafiya neman ilimi, da biki, da suna, da dubiya, da ta'aziyya, da biko. Amma a ce magidanci mai hankali ya zuba wa mota mai, a wannan tsadar da aka shiga tun da aka janye tallafi a 2023, don kawai ya je ya tsaya ya zuba wa ruwa ido, wannan ba ya cikin lissafin da muka gada. Saboda haka unguwa ta nemo wa Yaya dalili da kanta. Majalisar mai shayi ta yanke cewa mata ya gani a can, yana son Inna ta ƙyalla ido ta gan ta. Matan maƙwabta suka ce takara zai tsaya. Wani dattijo kuwa ya ja ni gefe ya ce in malami ne ya ba shi abu ya jefa a ruwa, ai ba sai an kwashi yara ba.

Da aka tabbatar tafiyar ba fashi, sai saƙo ya fara shigowa. A wurinmu mota mai tafiya gidan waya ce. Wannan ta kawo ƙullin daddawa a kai wa ɗiyarta, wancan ya kawo kuɗin adashi, wani ya kawo injin ban-ruwa da ya lalace a ajiye masa wurin mai gyara. Wata tsohuwa ta zo da zakara ɗaure da ƙafa, ta ce, "Ku biya Rabah ku ba jikana, ai bisa hanya take." Rabah dai, garin da aka haifi Sardauna, ba ta kan hanyar Goronyo ko da wane irin direba ne, amma a taswirar mai ba da saƙo duk garin da yake da ɗan'uwa a kan hanya yake. Muka karɓi zakara, don ba a ce wa tsohuwa a'a.

An yi da Yaya za a tashi da an sallame asuba. Ƙarfe bakwai yana cikin mota yana danna oda. Ƙarfe takwas aka ɗora dambu. Ƙarfe tara matarsa ta gano cewa ɗankwalinta bai shiga da mayafi ba. Ƙarfe goma aka nemi autan gidan aka rasa, ashe yana cikin but tun da sassafe, ya kama wuri. Motar Sharon ce, wadda Bature ya ƙera don mutum bakwai. Mu goma sha shida muka shiga, ban da zakara. A ciki akwai yara uku da har muka bar gari ba wanda ya san 'ya'yan waye, kowa na zaton na wani ne. Kayan abinci kuwa, wanda ya gani zai rantse hijira za mu: kula biyu ta dambu, ɗaya ta shinkafa, soyayyun zabi, kwaɗon zogale, jarkar zoɓo, ƙwaryar fura da aka ɗora wa Gwaggo a cinya, da buta huɗu. Tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba.

Sha ɗaya da rabi muka ɗaga. Ba mu yi nisa ba Gwaggo ta ce a tsaya.

"Ɗan nan, yanzu mu hito gida ranar Allah, mu wuce Wurno ba mu yi ziyara ba, mu tai gaida ruwa?"

Wa zai yi musu da wannan? A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, a nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake. Yaya ya karya kan mota. Muka yi ziyara, muka yi addu'a, kuma wannan kaɗai ne abin da muka yi a ranar cikin natsuwa. Sai dai shiga Wurno da sauƙi, fita ce aiki, domin Gwaggo na da ƙawa a garin wadda mijinta ya rasu bara ba ta samu zuwa ba. Ta ce minti biyar. Duk wanda ya san gaisuwar tsofaffi ya san minti biyar ɗin nan ba ta agogo ba ce. Sai da aka gaisa, aka yi kuka, aka share hawaye, aka sake gaisawa daga farko, aka kawo ruwa, aka kawo fura, aka bi gidan kishiyar marigayiyar uwar ƙawar don kada ta ji labari ta yi fushi. A nan muka yi azahar.

Hanyar kuwa, tsakani da Allah, tana da kyau a wannan lokaci na shekara. Fadamar Rima ta yi kore shar, shinkafa ta sunkuyar da kai, gero ya yi zangarniya a tudu, balbelu na bin shanu, giginyu tsaye jefi-jefi kamar dogarai. Yaya ya sauke gilashi, ya ce, "Ku dubi ikon Allah! Abin ga Turawa ka biyan kuɗɗi su gani."

Kowa ya duba, amma kowa da abin da ya gani. Kawu ya ƙare wa wata gona kallo ya ce buhu arba'in za ta yi, in tsuntsu bai shiga ba. Maƙwabcinmu da ya biyo mu don a sauke shi a hanya (har muka dawo bai sauka ba) ya ce talatin dai, don mai ita ya makara da taki. Suka kama musu a kan gonar mutumin da ba su sani ba har ta ɓace a bayanmu. Gwaggo ta ga rama a bakin hanya ta ce a tsaya ta yaga. Matar Yaya tana neman inda sabis ya fi ƙarfi. Yara na faɗa a kan cinyar zabo. Ni kuwa abin da na gani a duk tsawon hanyar shi ne ƙeyar Kawu da gefen injin ban-ruwa.

Sai Goronyo, kuma ranar Lahadi kasuwarta ke ci. A nan ne na gane kuskuren Yaya na gaske. Ka ɗauko Hausawa goma sha shida ka ratsa da su ta bakin kasuwa mai ci, ka ce kada su sauka? Kafin ya gama cewa "ba mu daɗewa" motar ta zama wayam, daga shi sai zakara. Kawu ya tafi jin farashin awaki, ba don zai saya ba, don dai ya sani. Mata suka nutse wajen masu albasa da tafarnuwa, wai ta nan ta fi arha da naira hamsin. An ƙona man dubbai an zo, dole a ci ribar naira hamsin. Ni aka ɗora wa rabon saƙo, na yi ta yawo da ƙullin daddawa ina tambayar gidan wata mata da aka kwatanta mini da cewa "mijinta dogo na, yana da babur".

La'asar ta yi kafin a sake tattara jama'a, kuma a gabashin Sakkwato na yanzu ba mai son magariba ta riske shi a hanya. Wannan ba abin raha ba ne, kowa a motar ya san dalili, shi ya sa surutu ya ragu da muka bar gari muka nufi dam, wanda ke can gaba da tazara.

Da muka iso, ni kaina sai da na yi shiru. Bango ne na ƙasa da aka tara, tsawonsa ya haura kilomita 12, tsayinsa mita 21, ya tare gulbin Rima bayan ya kwaso ruwan Bunsuru da Gagere da gulbin Maraɗi. In ya cika yana riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900, ka duba har iyakar ganinka ba ka hango ɗaya gaɓar ba. Daga nan ake sako wa birnin Sakkwato na sha da rani, daga nan manoman fadama ke ban-ruwa, sauran ya gangara Argungu da Birnin Kebbi. An gama ginin a 1984, ba a yi bikin buɗe shi ba sai 1992. Da Yaya ya faɗi haka, Kawu ya ce to ashe dam ɗin ma ɗan gida ne, mu da muka makara da awa shida kacal mene ne abin faɗa?

Ruwan da ke fita ta ƙofa a ranar bai kai yadda Yaya ya kwatanta ba, amma yana da kumfa, yana da ƙara. Yaya ya jera mu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, bayan duk wannan wahala, ba wanda ya fuskanci ruwan. Kowa baya ya juya masa ya fuskanci waya. Aka yi na maza, aka yi na mata, aka yi na yara, aka sake na mata don wata ta rufe ido. Yaran nan uku da ba a san iyayensu ba su ne a tsakiyar kowane hoto. Kawu ya ƙi murmushi, ya ce shi ba ɗan fim ba ne. Ruwa dai na can bayanmu yana ta aikinsa, mu ma shaidar zuwa muka zo karɓa.

Wani tsohon basarke na zaune gefe yana ɗinkin koma, yana kallonmu kamar yadda ake kallon masu wasan kura. Yaya ya matsa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, kuna jin daɗi, kullum kuna kallon wanga ruwa."

Tsoho bai ɗaga kai ba. "Daga ina kunka hito?"

"Marnona."

"Kihi kuka so?"

"A'a, kallo dai munka zaka."

Sai a lokacin ya dubi Yaya sama da ƙasa. Ya ce shi a 2010 ya ga ruwan nan ya shigo masa har ɗaka ba sallama, shekarar da ambaliya ta cinye garuruwa da gonaki a bakin Rima, ta karya hanyar jami'a a Sakkwato. Ya ce a 2018 kuma ya ga ya janye har yara na kiwo a inda ake jefa koma. "In kallo kaka so, ɗana, zamna nan shekara guda." Daga nan ya buɗe kwando ya nuna wa Gwaggo tarwaɗa, ciniki ya kankama, kuma cinikin ya fi kallon ruwan daɗewa.

Inna fa? Inna ba ta fito daga mota ba. Ta ce ƙafarta ta yi tsami, kuma ta hango shi ta gilashi, ruwa ne, ta yarda. Da Yaya ya matsa mata, sai ta miƙo buta ta ce to tunda an zo, a ɗebo mata ta yi alwala.

Na duba agogo da muka juya: minti goma sha takwas muka yi a bakin dam. Dambun da aka dafa don a shimfiɗa tabarma a ci a gaban ruwa, a tsakar gidanmu aka ci shi bayan isha'i, daidai inda aka ƙulla tafiyar. Iyayen yaran uku suka zo suka karɓi abinsu, har da tambayar ina tsarabarsu.

Da safe maƙwabta suka yi ta shigowa barka da hanya. Ina daga zaure na ji wata na tambayar Inna, to wai me aka je yi Goronyo? Inna ta ce ta'aziyya suka je Wurno, suka biya kasuwa sayen albasa. Matar ta ce, "Ai to, ni dai na san ba banza ba."

Zakaran Rabah yana nan a gidanmu. Shi ke tashe mu asuba.