Karen Winnipeg Ya Fi Ƙaninka Takalmi

Zuwa ga Yaya, Laranto, Jos.

Ƙaninka yana nan Winnipeg, jihar Manitoba ta ƙasar Kanada, da rai da lafiya, sai dai bakinsa ya mutu game da sanyin Jos. Shi ne fa mai cika wa mutanen Kano baki cewa garin Jos yana bisa tudu mai tsayin mita 1,200, wai a Disamba ruwan randa cizo yake yi. Ga shi yau a garin da ma'aunin sanyi kan sauka 30 ƙasa da sifili a Janairu, inda mota ma sai an jona mata wayar lantarki ta kwana tana ɗumi kafin ta yarda ta tashi da safe.

Tsohuwar da yake haya a gidanta tana da kare ɗaya da kyanwa ɗaya. Kyanwar har lasisi gare ta, don tun 2015 hukumar birnin ta wajabta hakan. Karen kuwa yana da rigar sanyi biyu da takalma huɗu, alhali ɗan hayar da ya taso a gefen kasuwar Katako, cibiyar gwanjo, takalminsa ƙafa ɗaya ne. A gida an ce in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi. Na nan in ya shinshina, nasa yake nema.

Da fari ƙaninka dariya ya yi, har tsohuwar ta ɗaga masa ƙafar karen ya gani. Gishirin da ake watsa wa titi don narkar da ƙanƙara yana cin tafin dabba, ya tsage shi kamar fason hunturu. Shi ya sa in sun dawo yawo take wanke ƙafafun da ruwan ɗumi, ta tsane su da tawul, sannan ta buɗe wani ɗan gwangwani da bai fi na Robb ba, ta lakato da yatsa ta mulke kowane tafi. Ta ce maganin na asali ne, babu sinadari, kuma da tsada. Ƙaninka ya karɓa ya karanta abin da aka haɗa: kakin zuma da man kaɗanya. Man kaɗe, Yaya! Wanda Inna take dumbuza ta shafe mana kaushi da shi muna kuka, shi ake auna wa kare kamar turaren Makka.

Sauran dabarun ma Inna ta riga su. Masu tausayin kyanwoyin titi a nan suna yi musu ɗan akwati mai ƙaramar ƙofa, su cika shi da busasshen karan hatsi. Ba sa sa bargo, domin bargo yana shan laima ya daskare, kara kuwa yana riƙe ɗumi. Wato dai kwali da buhun da ake shimfiɗa wa kyanwarmu kusa da murhu, sai dai ita ta fi son ta kwana cikin toka ta fito fari fat kamar aljana. Ana ƙara wa dabbar da ke kwana waje abinci, a riƙa duba ruwan shanta kada ya zama dutse, a ɗiga mata man kifi don fata da gashi. Kafin a tada mota kuma sai an bubbuga murfin inji, saboda kyanwa takan shige ciki neman ɗumi. Wannan kam a gaya wa direbobin unguwa, don kyanwar Jos ma ta san dabarar.

Inda ƙaninka ya kusa rasa ɗaki shi ne ranar da ya tausaya wa kyanwar, wadda kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi, ya zuba mata sauran miyarsa. Tsohuwar ta yi tsalle kamar ta taka garwashi. Ashe albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa. Farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa, haka ma ɗan cokali na ruwan hana daskarewa da ake zuba wa lagireto, ga shi da zaƙi. Saboda haka wanda ya ba ka shawarar jiƙa wa karen gadinmu tafarnuwa don tsutsar ciki, ka ce masa ya sha abarsa.

Abin da ya fi ba ƙaninka kunya tambaya ɗaya ce. Tsohuwar ta ce yaushe aka yi wa karen gidanmu allurar ciwon hauka, sai ya kama tari. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa tana Vom tun 1924, can bayan Bukuru, kuma tana haɗa wannan allurar, amma karenmu bai taɓa ganin likita ba, ko kaskar kunnensa yara ne ke cire masa in sun ga dama. Labarin kasuwar karnuka ta Dawaki da ke Kanke kuwa ƙaninka ya haɗiye shi, domin tsohuwar tana da hawan jini.

Don Allah, Yaya, a kai karenmu asibitin dabbobi a yi masa allurar, a kuma ɗaga masa makwanci daga kan siminti da 'yan katakai kafin sanyin Janairu ya kankama. Kuɗin yana tafe ƙarshen wata. In an sami mai zuwa, a aiko da man kaɗe gwangwani biyu manya. A ce wa Inna duka na ɗanta ne, kada ta ji cewa ɗaya na kare ne.

Ƙaninka, daga cikin bargo uku.