Yadda Za Ka Zama Kansila a Jibiya Ba Tare da Ka Rage Farashin Komai Ba

Duk mai harin kujerar kansila a Jibiya, abu na farko shi ne ya yi alkawarin karya farashin kaya, kuma ya yi shi da babbar murya. Ranka ya daɗe Onarabul mai jiran gado, kada ka tsaya kame-kame. Ka hau bayan a-kori-kura ka ce da zarar an rantsar da kai tiyar gero za ta sauko, litar mai za ta yi sauƙi, sefa ma za ta rusuna wa naira a hannun 'yan canjin Magama. Daɗin wannan alkawari shi ne babu ranar da za a kama ka da laifin saɓa shi, domin kowa ya san makullan farashi ba a aljihun kansila suke ba. Wasu na Abuja, wasu na Yamai.

Tarihin garin ne shaidarka. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, sannan a watan Nuwamba aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya mayar da mutanen Jibiya masu sayen fetur a galan kamar ba 'yan ƙasa ba. Da aka buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, Jibiya ta ci gaba da jira har Afrilun 2022. Ba a gama shan iska ba aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Wata biyu bayan haka sojoji suka kifar da Shugaba Bazoum na Nijar, takunkumin ECOWAS ya sake garƙame hanyar Ɗan Isa da Maraɗi har cikin Maris na 2024. A Oktoban 2024 kuma Nijar ta hana fitar da hatsinta sai dai zuwa Mali da Burkina Faso. A duk waɗannan hukunce-hukunce babu wanda ya nemi jin ta bakin kansila. Saboda haka in kaya sun yi tsada ka nuna sama da yatsa, in kuma kaka ta yi kyau farashi ya faɗi da kansa, ka buga fosta.

Abin da za ka guje wa shi ne Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999. A can aka jera ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwa, tashar mota, mayanka, bayan gida na jama'a, magudanar ruwa, kwashe shara, maƙabarta, da sa hannu a firamare da asibitin unguwa. Waɗannan abubuwa ne masu hatsari ga ɗan siyasa, domin ana ganinsu da ido. Dubi buhun wake guda da manomi ya ɗauko daga ƙauye zuwa kasuwa. Kafin a kwance bakinsa an biya ɗan acaɓa, an biya ɗan dako, an biya kuɗin ƙasa, ɗan kamasho ya cire nasa, wani mai littafin rasit ya yage takarda ya miƙa, wani kuma ya karɓa bai yage komai ba. Duk wannan a kan mudun matar da ta zo awo yake ƙarewa. Kansilan da ya tsaya a majalisa ya ce a rubuta kuɗin rumfa da na tasha a allo, a kafa a ƙofar kasuwa kowa ya karanta, ya taɓa tsadar rayuwa fiye da mai jawabi goma a kan darajar naira. Haka wanda ya bi diddigin famfon burtsatsen da ya lalace har aka gyara, domin gidan da ya daina sayen jarka a wajen ɗan ga-ruwa ya sami rarar kuɗin cefane. Abin kunya ne a ce garin da ke da madatsar ruwa a gefensa yana lissafin jarka, amma kada ka ɗauko zancen, za a tambaye ka bayan shekara.

Wani zai ce jama'a ba yara ba ne, za su gane wayon su juya maka baya ranar zaɓe. Wannan tsoro ne na wanda bai duba sakamako ba. A zaɓen ƙananan hukumomin Katsina na Fabrairun 2025, jam'iyya mai mulki ta kwashe shugabanni 34 da kansiloli 361, ko ɗaya ba ta bari ba. Ashe ainihin zaɓen tun wajen rabon tikiti ake gama shi. Don haka kamfen ɗinka na gaskiya a zauren ubangida yake. Ka iso da wuri, ka cire takalmi tun daga ƙofa, ka iya cewa "Allah ya ƙara girma" kafin ya gama magana. Ga jama'a kuwa, ta'aziyya da suna da ɗaurin aure sun isa. Kada a rasa hularka a sahun gaba.

Wani kuma zai tausaya maka ya ce ai ƙaramar hukuma ba ta da ko sisi, jiha ce ke riƙe da asusun haɗin gwiwa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, shi ya sa Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ka riƙe wannan uzuri da kyau, zai yi maka aiki tsawon wa'adi. Sai dai ka yi addu'a kada wani ya lura cewa yawancin abin da ake nema a wajenka ba ya cin kuɗi. Tara direbobi da 'yan kasuwa a rubuta koke kan shingayen binciken da suka cika hanyar Katsina zuwa Jibiya, waɗanda duk abin da aka miƙa a cikinsu a kan fasinja da kaya yake sauka, bai wuce takarda da biro ba. Tambayar inda za a zaunar da masu sayar da abinci da 'yan dako in layin dogon Kano zuwa Maraɗi ya fara aiki ta garin, ita ma baki kawai take buƙata. Matsalarsu ɗaya: mai yin su yana ɓata wa manya rai.

Ku kuma mutanen Magama, Gurbin Ɓaure, Daddara da Bugaje, in ɗan takara ya zo yana rantsuwa zai sauko da farashin shinkafa, ku karɓi goronsa ku yi masa fatan alheri. Sannan ku tambaye shi nawa ake biya kuɗin rumfa a kasuwarku, wa ke karɓa, kuma ina yake shiga.