Bawana, Muryar Ba Ta Bobby Ba Ce

Bawana ɗan gwaggo, gaisuwar ubangida zuwa ga yaronsa. Labari ya iso mini cewa tun da Disamba ta kama ka addabi zauren 'yan'uwa na WhatsApp da bidiyon Boney M, kana ta jera ta'aziyyar Bobby Farrell, har kana rantsuwa ba za a ƙara yin murya irin tasa ba. To ajiye kofin shayin nan kada ka ƙone. Muryar nan mai kauri da ke gurnani a "Daddy Cool" da "Rasputin", wadda ka yi ƙuruciyarka kana kumbura wuya kana kwaikwayo, ba ta Bobby ba ce. Ta wani Bajamushe ce, fari tas, mai suna Frank Farian.

Na san za ka ce hassada ce irin ta ɗan namiji, don haka bari in warware maka zare da abawa. A ƙarshen 1974 Farian ya shiga situdiyo shi kaɗai a Jamus ta Yamma ya naɗi wata waƙa, "Baby Do You Wanna Bump". Babbar murya shi ne, siririyar ma shi ne. Ya liƙa wa faifan sunan Boney M, wanda ya tsinto daga wani wasan ɗan sandan ciki na ƙasar Ostireliya da ake nunawa a talabijin. Waƙa ta karɓu a Holan da Beljiyam, gidajen talabijin suka ce a kawo musu mawaƙan su gani. Babu mawaƙa. Mutumin ya yi irin ta ɗan kamasho ne, ya cika fasinja kafin ya nemo mota. Sai ya bazama ɗaukar ma'aikata: Liz Mitchell da Marcia Barrett 'yan asalin Jamaika, Maizie Williams daga tsibirin Montserrat, da gwaninka Bobby daga Aruba. A cikin huɗun nan Liz da Marcia ne kawai muryarsu ke shiga faifai. Maizie da Bobby ado ne da rawa. A 1976 aka haska su a wani shirin kiɗa na talabijin ɗin Jamus mai suna Musikladen, Bobby ya yi ta tsalle da juyi, daga nan "Daddy Cool" ta kama duniya.

Ka lura, ido ne ya sayar da ƙungiyar nan kafin kunne. Kai ma da ido aka kama ka, kuma ni shaida ne. Gidan da ke da talabijin a layinmu ɗaya ne, baƙi da fari, mai ƙofar katako da ake zugewa a rufe da makulli. Ba a buɗe tasha sai da la'asar sakaliya. Mu zube a tabarma, sai an duba ƙafafunmu an tabbatar mun wanke, wanda ya yi surutu a kore shi ya koma leƙe ta taga. Mu Samanja muke jira, mu ji yadda zai karya Hausa irin ta barikin soja, ko Karkuzu. Kai kuwa 'yan waƙoƙin Turawa da ake cike gurbi da su tsakanin shiri da shiri kake jira. Da Bobby ya bayyana da tulin gashinsa da buɗaɗɗen ƙirji da wando fantalo, sai ka miƙe ka tare wa kowa. Ka ƙi aski har kawu ya sa aka danne ka gaban wanzami. Wandon Sallah kuma ka je ka lallaɓi tela ya buɗa masa ƙafa, gwaggo ta gani ta ce a mayar da shi buje a ba ƙanwarka. Ranar da ka gwada juyin nan a tsakar gida, randa ce ta biya kuɗin.

Duk da haka, ba zan bar ka ka yi zuciya da Bobby ba, don na san halinka, yanzu sai ka juya ka ce ɗan damfara ne. Wa ya damfara? Mu da muka tashi a finafinan Indiya, muna ganin jarumi na zagaya bishiya yana buɗe baki alhali Mohammed Rafi ko Kishore Kumar ne ke waƙar, jaruma kuma Lata Mangeshkar ce a maƙogwaronta. Ba wanda ya taɓa neman a mayar masa da kuɗin tikiti. Yau ma a Kannywood haka ake yi: Nura M. Inuwa ko Fati Nijar su rera, wasu su hau a fim. Bambancin kawai, su Indiya da namu suna rubuta sunan mai murya, Farian kuwa ya bar mutane da zatonsu. Kuma Bobby ba bebe ba ne, a dandali gaban jama'a yakan yi waƙa da bakinsa. Yaro ne da ya bar gida yana ɗan shekara 15 ya shiga aikin jirgin ruwa, ya zauna a Norwe da Holan, ya koma sa faifai a gidajen rawa a Jamus, a can aka tsinto shi. Rawar tasa ce, gumin nasa ne, ba Bajamushen da ya ara masa gwiwa.

Shi Farian ɗin, hannunsa bai tsaya kan murya ba. Karin "Ma Baker" na 1977 daga wata tsohuwar waƙar Tunisiya ya samo shi, "Sidi Mansour". "Rivers of Babylon" ta 1978 kuma wasu 'yan Jamaika ne, The Melodians, suka fara yin ta tun 1970. Da suka saɓa da Bobby a 1981, sai ya sauya shi da wani ɗan Gana, Reggie Tsiboe, kamfani ya ci gaba da aiki. Bobby ya dawo a 1984. Da abin ya yi wa Farian daɗi, ya sake maimaitawa da wasu samari biyu kyawawa, Rob Pilatus da Fab Morvan, ya kira su Milli Vanilli. Su ko kalma ɗaya ba su rera a faifansu ba. Aka ba su kyautar Grammy a farkon 1990, kafin shekarar ta fita Farian da bakinsa ya tona asiri, aka ƙwace kyautar. Samarin suka sha jifa da tsinuwa, Pilatus ya rasu a 1998 bai farfaɗo daga kunyar ba. Mai gayya mai aiki kuwa ya ci gaba da sana'arsa har ya mutu a Miyami a Janairun 2024 yana da shekara 82. In kana neman wanda za ka yi wa tsaki, ga shi nan.

Abin da ya kamata ka yi ta yaɗawa a zauren, in da kana bincike kafin ka danna waya, shi ne yadda ajalin Bobby ya zo. A Disambar 1978 Boney M suka yi wasa a Mosko zamanin Tarayyar Sobiyet, aka hana su rera "Rasputin", waƙar da ke ba da labarin bokan nan na fadar sarkin Rasha. Bayan ƙungiyar ta watse, kowa ya ja tasa tawagar da sunan Boney M, Bobby ma yana yawo da tasa. Ranar 30 ga Disamba, 2010, aka same shi ya cika a ɗakin otal a birnin San Fitasbag, bayan ya yi wasa a daren, ciwon zuciya, yana da shekara 61. A wannan birni, a wannan rana ta wata, aka kashe Rasputin a 1916. Mutum ya wuce sittin yana tsalle a dandali don neman abin kai wa baki, kai kuma da ba ka kai shi ba, sai an miƙa maka hannu kake tashi daga tabarma.

Don haka ga hukuncin ubangida. Ranar bikin 'yar wajenka zan sa a saka "Daddy Cool", ni zan riƙe makirfo daga bayan labule in yi gurnanin, kai ka fito fili ka motsa baki ka yi juyin. Kuɗin liƙi nawa ne, tunda tsarin Farian za mu bi. Man zafi da kuɗin mai ɗori kuma ka tanade su daga aljihunka.